Edward Carson: lauyan Dublin da ya yi sanadin raba Ireland ba da son ransa ba

Tambaya: Malam, ni ɗalibin shari'a ne. A darasin yadda ake titsiye shaida a kotu an ambaci Edward Carson a matsayin gwanin gwanaye. Da na bincika sai na ga an ce shi ya jagoranci wata rundunar sa-kai mai makamai, kuma shi ya raba Ireland gida biyu. Mutum ɗaya ne kuwa? In shi ne, yaya lauyan da har ya riƙe kujerar Antoni-Janar zai yi haka?

Amsa: Mutum ɗaya ne, ɗan'uwa. Carson bai nemi a raba Ireland ba. Burinsa shi ne tsibirin baki ɗaya, gundumomi 32, ya ci gaba da zama cikin Birtaniya. Ya ɗauki lardin Ulster na arewa a matsayin makamin da zai kashe shirin ba Ireland cin gashin kai, makamin ya fi ƙarfin hannunsa, aka ƙare da iyakar da shi kansa bai so ba. Laifin shigar da bindiga cikin gardamar kuwa, a ganina, yana wuyansa, kuma zan nuna maka dalili.

Mutane da yawa suna ɗauka ɗan Belfast ne. A Dublin aka haife shi, ranar 9 ga Fabrairu 1854. Mahaifinsa mai zanen gine-gine ne, mahaifiyarsa 'yar gidan Lambert ce, masu filaye a gundumar Galway can yamma. Shi ɗan Furotesta ne na kudu, wato cikin tsirarun da ke zaune a tsakiyar 'yan Katolika amma suke riƙe da yawancin ƙasar noma da manyan muƙamai. Ya yi karatu a Kwalejin Trinity ta Dublin, ya zama lauya a 1877. Har ya mutu bakinsa na mutanen Dublin ne, da ya buɗe baki a kotun Landan an san daga inda ya fito. Ka riƙe wannan, domin duk abin da ya yi daga baya saboda waɗannan tsirarun na kudu ya yi shi, kuma su ne suka fi kowa asara.

Tun 1 ga Janairu 1801 aka rushe majalisar Dublin, aka haɗe Ireland da Birtaniya ƙarƙashin majalisa ɗaya a Landan. Mafi yawan mutanen Ireland ba su taɓa kwanciya da wannan haɗi ba. A zamanin ƙuruciyar Carson rigimar ta fi zafi a kan gona: manoma 'yan haya suna kuka da kuɗin haya, masu filaye suna korarsu. A farkon aikinsa ya tsaya wa 'yan hayar a shari'o'in rage haya bayan dokar filaye ta 1881. Amma a 1887, da Arthur Balfour ya zo a matsayin sakataren gwamnati mai kula da Ireland, ya zo da dokar ta-ɓaci mai tsanani, sai Carson ya zama lauyan da ke gurfanar da shugabannin manoman. Ranar 9 ga Satumba na wannan shekara yana garin Mitchelstown domin shari'ar William O'Brien, ɗan majalisa, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wa taron jama'a wuta, mutum uku suka mutu. Daga nan 'yan kishin ƙasa suka laƙaba masa sunan da ke nufin Carson na danniya, kuma ba su taɓa cire masa shi ba. Gwamnati kuwa ta saka masa. A 1889 ya zama Lauyan Sarauniya, matsayin da a Najeriya aka maye gurbinsa da SAN, a 1892 ya shiga majalisar Landan yana wakiltar Jami'ar Dublin, ya koma Ingila da aikin lauya.

A nan ne sunan da malaminku ya ambata ya samo asali. Salonsa ba na doguwar huɗuba ba ne. Tambaya gajera yake yi, wadda ya riga ya san amsarta, ya jira, ya sake wata. A Afrilun 1895 aka saurari ƙarar da marubuci Oscar Wilde ya shigar a kan wani basarake, Queensberry, ta ɓata suna, saboda basaraken ya zarge shi da luwaɗi, wanda a lokacin babban laifi ne a dokar Ingila. Carson ne lauyan basaraken, kuma shi da Wilde sa'o'i ne, dukansu haihuwar Dublin a 1854, dukansu ɗaliban Trinity. Wilde ya shaida wa kotu shekarunsa 39. Carson ya tashi, bai taɓa babbar maganar ba tukuna, ya nuna takardar haihuwa: 16 ga Oktoba 1854, ke nan ya haura 40. Ƙaramar ƙarya ce, amma masu taya alƙali yanke hukunci sun ga mutumin yana iya faɗin abin da ba haka ba bayan ya yi rantsuwa, duk abin da ya biyo baya a kan wannan aka ɗora shi. Ƙarar ta rushe a rana ta uku. Da gwamnati ta juyo ta gurfanar da Wilde, Carson bai shiga ba, an ma ruwaito cewa ya roƙi lauyan gwamnati ya sassauta wa mutumin. An ɗaure Wilde shekara biyu da aiki mai tsanani.

A 1909 ya kare jaridar Standard a ƙarar da kamfanin Cadbury ya shigar, bayan jaridar ta zarge su da sayen koko daga tsibirin Sao Tome, inda ake noma shi da mutanen da aka kwaso daga Angola cikin halin bauta. Ya tambayi William Cadbury ko ya taɓa ƙiyasta bayi nawa suka mutu a shekarun da kamfanin yake sayen kokon. Ba shi da amsa. Cadbury ya ci shari'ar a takarda, amma diyyar da aka ba shi kashi ɗaya ne cikin huɗu na kwabo.

Shari'ar da na fi so ɗalibai su karanta ita ce ta yaro George Archer-Shee, domin a cikinta za ka ga mutumin gaba ɗayansa. A Oktoban 1908 yaron yana da shekara 13, yana makarantar horar da sojan ruwa ta Osborne. Aka sace wa wani ɗalibi fasal oda ta sule biyar, aka je gidan waya aka karɓi kuɗin. Ma'aikaciyar gidan wayar ta ce wanda ya karɓa shi ne wanda ya sayi wata fasal oda ta sule 15 da sisi a ranar, kuma George ne ya sayi wannan. Hukumar sojan ruwa ta rubuta wa mahaifin ya zo ya ɗauke ɗansa, ba tare da an ba yaron damar kare kansa ba. Iyalin 'yan Katolika ne. Kafin Carson ya karɓi aikin sai da ya zaunar da yaron ya yi masa tambayoyi na tsawon sa'o'i kamar shi ne lauyan ɗaya ɓangaren, har ya gamsu ba shi ya ɗauka ba.

Matsalar shari'a a nan babba ce, kuma a matsayinka na ɗalibi za ta ba ka sha'awa. A lokacin ba a kai ƙarar Sarki, kuma hukumar sojan ruwa ta Sarki ce. Sai Carson ya bi wata tsohuwar hanya: takardar koke ga Sarki, bisa hujjar cewa akwai yarjejeniya tsakanin mahaifin da gwamnati ta horar da yaron, kuma gwamnati ta saɓa. In Sarki ya amince, ana rubutawa a kan takardar cewa a yi gaskiya. Ko da aka isa kotu a Yulin 1910, lauyoyin gwamnati suka nemi a kashe maganar a kan ƙa'ida kawai, kada a saurari shaidu, alƙalin farko ya ba su gaskiya. Carson ya ɗaukaka ƙara, kotun sama ta ce a fara jin abin da ya faru tukuna. Ya yi wa ma'aikaciyar gidan wayar tambayoyi cikin ladabi, bai kira ta maƙaryaciya ba, har ta yarda cewa ɗaliban duk kama suke mata cikin kayan sarki, kuma da aka jera mata su ba ta iya nuna George ba. A rana ta huɗu lauyan gwamnati, Rufus Isaacs, ya miƙe ya ce gwamnati ta yarda yaron ba shi da laifi. An biya iyalin fam 7,120 daga baya. George ya mutu a fagen yaƙi a Ypres a ƙarshen Oktoban 1914, yana da shekara 19.

Dubi halin da ke ciki. Mutum ne da in ya yarda an zalunci wanda yake karewa, ba ya ganin girman wanda ke gabansa, ko da gwamnati ce, kuma zai matsa har sai ɗaya ɓangaren ya sare. A kotu wannan hali ne mai kyau, saboda akwai alƙali a sama, akwai ranar da za a rufe shari'a kowa ya tafi gida. A Fabrairun 1910, yana tsakiyar wannan shari'ar, aka zaɓe shi shugaban 'yan majalisar Ireland masu son ci gaba da zama cikin Birtaniya, ya shiga siyasar da halin nan nasa, a filin da babu alƙali.

Sau biyu aka taɓa kawo ƙudurin ba Ireland majalisarta ta cikin gida. Na 1886 ya faɗi a Majalisar Wakilai, na 1893 ya wuce amma Majalisar Dattawa ta masu sarauta ta yi watsi da shi da ƙuri'a 419 a kan 41. Muddin dattawan suna da ikon hawa kujerar na-ƙi, mutanen Carson suna barci da ido biyu rufe. Zaɓuka biyu na 1910 suka sauya lissafi: jam'iyyar Liberal ta Firaminista Asquith ba ta iya mulki sai da ƙuri'un jam'iyyar 'yan kishin Ireland ta John Redmond, wanda shi ma lauya ne. A 1911 aka yi dokar da ta rage wa dattawan ƙarfi, ya zama iyakarsu su jinkirta ƙuduri kamar shekara biyu. Aka gabatar da ƙuduri na uku a Afrilun 1912. Kowa ya iya lissafi: zuwa 1914 zai zama doka.

A kudu 'yan Furotesta ba su da yawan da za su hana komai. A arewa maso gabas kuwa suna da yawa, jikokin waɗanda aka kawo daga Sikotland da Ingila tun ƙarni na 17, kuma a hannunsu masana'antu suke, masaƙun lilin da wuraren ƙera jiragen ruwa na Belfast, inda aka ƙera Titanic a daidai waɗannan shekaru. Tsoronsu na gaske ne, kada ka raina shi. Suna ganin majalisar Dublin za ta zama ta manoma da limaman Katolika, za ta lalata musu kasuwa da haraji, ga kuma dokar Fafaroma ta 1908 kan auren Katolika da wanda ba Katolika ba, wadda ta tayar musu da hankali ƙwarai. Lissafin Carson shi ne Ireland ba za ta iya riƙe kanta ba in babu kuɗin Belfast, kuma Redmond ba zai taɓa yarda a yanke wani yanki ba. Saboda haka in Ulster ta ƙi, shirin ya mutu a ko'ina, mutanensa na kudu sun tsira.

Shi ne murya, James Craig ɗan Belfast shi ne mai tsara komai. A Satumban 1911 a gidan Craig, Craigavon, Carson ya gaya wa dubban mutane su shirya karɓar mulkin Ulster da kansu a safiyar da dokar ta fara aiki. Ranar 28 ga Satumba 1912 aka rufe masana'antu, aka yi addu'o'i a majami'u, Carson ya shiga zauren birnin Belfast ya fara sa hannu da alƙalamin azurfa a kan tebur da aka lulluɓe da tutar Birtaniya. Maza 237,368 suka sa hannu a alƙawarin, mata 234,046 suka sa a wata takarda mai goyon bayansa. A ciki sun ɗauki alƙawarin amfani da duk hanyar da ta zama dole don rusa shirin. A Janairun 1913 aka kafa rundunar sa-kai ta Ulster, wadda ta kai mutum wajen 90,000, a Satumba kuma aka tsara gwamnatin wucin gadi da Carson a kanta. Bai ɓoye ba. A wani jawabi a Newry ya ce ya san atisayen haramun ne a doka, rundunar ma haka, gwamnati ta sani kuma ba ta isa ta taɓa su ba.

To, ga tambayarka: da wace hujja? Hujjarsa biyu ce. Ta farko, gwamnati ta sauya tsarin mulki ta hanyar cinikin ƙuri'a da Redmond, ta cire birkin da dattawa suke riƙe da shi, kuma ta ƙi komawa ga masu zaɓe a kan maganar Ireland ita kaɗai. Ta biyu, ƙasa ba ta da ikon ɗaukar 'ya'yanta masu biyayya ta miƙa su ga wata hukuma da ba su yarda da ita ba. Hujja ta biyun tana da nauyi, kuma manyan masana shari'a na lokacin irin su Dicey sun tsaya a ɓangarensa. Amma ni ban karɓe ta a matsayin uzuri ba. Tun zaɓen 1885 mutanen Ireland suke ba masu neman cin gashin kai kusan kashi huɗu cikin biyar na kujerunsu, zaɓe bayan zaɓe, kusan shekara talatin, suna bin hanyar majalisa cikin haƙuri. A Ulster ɗin kanta, bayan zaɓen cike gurbi na Derry a Janairun 1913, masu son cin gashin kai suna da kujeru 17, masu adawa 16. Abin da ake shirin bayarwa ma ɗan kaɗan ne: majalisa ƙarƙashin Sarki, ba ta da iko a kan soja ko harkokin waje. Kuma in har tsiraru a Ireland suna da haƙƙin ƙin hukumar da ba su zaɓa ba, to mafi rinjayen Ireland, waɗanda su ma tsiraru ne a cikin Birtaniya, suna da wannan haƙƙin. Carson bai taɓa amsa wannan ba.

Ana gardama ko barazana ce kawai. Tun 1911 ya rubuta wa Craig cewa shi ba ya cikin wasan cika baki, in mutane ba su shirya sadaukarwa ba to maganar turjiya banza ce. A ɗaya gefen kuma, a ƙarshen 1913 da farkon 1914 ya gana da Asquith a asirce ana neman mafita. Abin da na fahimta shi ne yana yin abin da lauya ke yi kafin sulhu: ka nuna wa abokin hamayya ka shirya zuwa ƙarshe, don ya ba ka abin da kake so ba tare da an je ba. Sai dai barazana da mutum 90,000 ba ta tsayawa inda mai ita ya so. Suna atisaye da bindigogin katako, suna neman na gaske, kuma shugaban da ya hana su zai rasa su.

A Maris 1914 Asquith ya ba da tayin kowace gunduma ta Ulster ta iya zaɓen tsayawa a waje na shekara shida. Carson ya ce wannan hukuncin kisa ne da aka ɗage zartarwa shekara shida. A watan nan hafsoshin soja kusan 60 a barikin Curragh, kusa da Dublin, suka ce gara su ajiye aiki da a tura su Ulster, gwamnati ta gane ba ta da sojan da za ta tilasta dokarta. A daren 24 ga Afrilu kuma jirgi ya sauke bindigogi kimanin 25,000 da miliyoyin harsasai da aka sayo daga Jamus, a Larne da Bangor da Donaghadee, motoci suka rarraba su kafin gari ya waye. Fred Crawford ne ya yi safarar, da amincewar Carson. Ba a gurfanar da kowa ba. Shugaban jam'iyyar adawa ta Conservative, Bonar Law, tun Yulin 1912 ya riga ya faɗa a bainar jama'a cewa babu iyakar turjiyar da Ulster za ta kai da ba zai mara mata baya ba.

A nan ne babbar ɓarnar take. Mutanen kudu suna kallo. Sun ga shekara talatin na ƙuri'a ba ta kai nauyin dare ɗaya na bindiga ba. A Nuwamban 1913 Eoin MacNeill da abokansa suka kafa tasu rundunar sa-kai a Dublin, kuma sun faɗa ƙarara cewa arewa ce ta nuna musu hanya. Ranar 26 ga Yuli 1914 suka sauke bindigogi 900 a Howth da rana tsaka. Wannan karon an turo soja, kuma a hanyar komawa sojan suka harbi jama'a a Bachelors Walk cikin Dublin, mutum uku suka mutu nan take, wani ya bi su daga baya. Kwana biyu kafin nan taron da Sarki George na Biyar ya kira a fadar Buckingham ya watse baran-baran, a kan gundumomi biyu, Fermanagh da Tyrone, masu rinjayen Katolika. Lura da abin da ake ja a kai a teburin: Carson, wanda ya shigo don hana cin gashin kai a duk Ireland, ya koma yana cinikin inda za a ja layi.

Yaƙin duniya ya ɓarke a Agusta. Aka sa wa dokar hannu ranar 18 ga Satumba 1914, aka dakatar da aiki da ita har yaƙi ya ƙare. Rundunar Ulster ta zama runduna ta 36 ta sojan Birtaniya, kuma a kwana biyun farko na yaƙin Somme a Yulin 1916 ta yi asarar mutum sama da 5,000 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓata. A Mayun 1915 aka naɗa Carson Antoni-Janar, wata 13 kacal bayan Larne. Ka yi tunanin yadda wannan ya sauka a zuciyar saurayi ɗan kishin ƙasa a Dublin. Ya ajiye muƙamin a Oktoba kan yadda ake tafiyar da yaƙin, musamman barin ƙasar Sabiya ba agaji, ya taimaka wajen kawar da Asquith a Disamban 1916, ya riƙe ma'aikatar sojan ruwa wata bakwai ba tare da ya yi wani abin a zo a gani ba. Mulki ba fagensa ba ne.

A tsakanin nan aka yi tawayen Ista na 1916 a Dublin. Soja suka harbe shugabanni 15 a watan Mayu. Adalci ne a faɗa cewa Carson ya tashi a majalisa ya yi gargaɗi kada a yi ramuwar gayya, a bi abin da natsuwa. Amma dubi shari'ar Roger Casement, ɗan kishin Ireland, wanda aka rataye ranar 3 ga Agusta 1916 saboda neman makamai daga Jamus. Wanda ya gurfanar da shi shi ne F. E. Smith, magajin Carson a kujerar Antoni-Janar, mutumin da shekara uku kafin nan yake hawan doki a bayan kwamandan rundunar Ulster a wajen fareti. Casement ya faɗi wannan bambanci a gaban kotu, kuma mutanen Ireland sun ji shi. A zaɓen Disamban 1918 jam'iyyar Sinn Féin mai neman cikakken 'yanci ta ci kujeru 73 cikin 105, jam'iyyar Redmond, wanda ya rasu a farkon shekarar, ta tsira da shida a Ireland. Carson ya kayar da mai sassaucin, ya samu waɗanda ba su neman komai daga majalisar Landan.

Dokar Disamban 1920 ta kafa majalisu biyu, ɗaya a Belfast mai gundumomi shida: Antrim, Down, Armagh, Derry, Fermanagh da Tyrone. Ulster gundumomi tara ce. An bar Donegal da Cavan da Monaghan a waje da gangan, domin in an haɗa da su rinjayen Furotesta zai yi siriri, alhali 'yan Furotestan waɗannan gundumomi uku sun sa hannu a alƙawarin 1912 kamar kowa. Su suka fara kiran abin cin amana. Kuma yankin da ya yi rantsuwar ƙin majalisar cikin gida shi ya fara samun ta, Sarki ya buɗe ta a Yunin 1921.

An yi masa tayin zama Firaministan farko na Ireland ta Arewa, ya ƙi, ya bar wa Craig. A jawabinsa na sallama a Fabrairun 1921 ya gaya wa mabiyansa su tabbatar tun daga farko cewa tsirarun Katolika ba su da abin tsoro daga masu rinjaye. Na yarda da gaske yake. Ba mai ƙin Katolika ba ne, ya goyi bayan a kafa musu jami'a tun lokacin da yawancin jam'iyyarsa suke adawa da hakan. Amma shi ne kuma a ranar 12 ga Yuli 1920 ya yi jawabi mai zafi a wajen Belfast yana cewa ya gaji da magana ba aiki, bayan kwana tara aka kori dubban ma'aikata 'yan Katolika daga wuraren ƙera jirage. Nasihar tasa ba ta yi aiki ba. Gwamnatin Craig ta soke tsarin zaɓe mai ba tsiraru kaso daidai yawansu, a ƙananan hukumomi a 1922, a majalisa a 1929, jam'iyya ɗaya ta yi mulki har 1972, sannan rikicin da ya ci rayuka kimanin 3,500 kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998. Ba zan ɗora masa duk wannan ba, akwai hannaye da yawa a ciki, daga Landan da Dublin da Belfast. Abin da ke kansa shi ne shi ya fara nuna cewa bindiga tana biya, kuma ya yi hakan yana sane da doka fiye da kowa a zauren.

A 1921 aka naɗa shi alƙali a kotun ƙoli ta Majalisar Dattawa, da sarautar Lord Carson na Duncairn. Ranar 6 ga Disamba aka sa hannu a yarjejeniyar da ta ba gundumomi 26 na kudu ƙasarsu, da iko wanda ya ninka abin da Redmond ya nema, kuma cikin masu sa hannun akwai F. E. Smith ɗin nan, wanda ya zama Lord Birkenhead. Bayan mako guda Carson ya tashi a majalisar, yana alƙali mai ci, ya yi jawabin da ya fi kowanne ɗaci a rayuwarsa. Ya ce ashe wawa ne shi, abin wasa kawai aka mai da shi, haka Ulster, haka Ireland, a wasan siyasar da aka shirya don jam'iyyar Conservative ta hau mulki. Birkenhead ya mayar masa da martani mai kaifi, aka kuma yi ta muhawara a kan ko ya dace alƙali ya riƙa jawabin siyasa, muhawarar da za ka ci karo da ita in ka karanta tarihin 'yancin alƙalai a Ingila.

Shekarun da suka biyo baya ya yi su yana yi wa 'yan Furotestan kudu da sauran masu biyayya ga Sarki fafutukar diyya, waɗanda aka ƙona wa gidaje ko suka yi hijira. Tsakanin ƙidayar 1911 da ta 1926 yawan 'yan Furotesta a gundumomi 26 ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ya bar kujerar alƙalanci a 1929, ya halarci buɗe mutum-mutuminsa a gaban majalisar Ireland ta Arewa da ke Stormont a 1933, ya rasu a gidansa da ke Kent ta Ingila ranar 22 ga Oktoba 1935. Jirgin yaƙi ya kai gawarsa Belfast, garin da bai taɓa yin gidan zama a cikinsa ba, aka yi masa jana'izar ƙasa, aka binne shi a babbar majami'ar St Anne.